Rasuwar Gwanki a Bakin Rumfar Mota

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuskar da ta rasa inda za ta ɓuya, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan hawan keke na ranar Asabar rasuwar Gwanki, keken shiga daji na maigidana, wanda ya riga mu gidan 'yan gwangwan ranar Asabar da ta wuce da hantsi. Bisa ƙa'ida mai keken ne ya kamata ya fitar da wannan sanarwa. To amma tun ranar bai riƙe biro ba, kuma ko ba don haka ba ni ta fi cancanta in rubuta, tunda ni na kashe shi.

Marigayin ya shigo gidanmu ne shekarar da Baban yara ya yi ritaya. Waɗanda suka ziyarce mu a lokacin sun san halin da muke ciki. Mutumin da a da sai an roƙe shi ya zauna, sai ga shi ya samu kujera ɗaya a falo, wadda ke kusa da taga, ya dasa kansa a kai. Talabijin a kashe yake kallonta. Ka yi masa magana ya ce "uhm", a kawo abinci ya taɓa ya ture. Likita ya ce jininsa ya hau, ya riƙa motsa jiki, shi kuwa iyakar motsinsa daga kujerar nan zuwa banɗaki.

Ana haka ƙaninsa ya turo keken cikin gida, kore shar, tayoyi masu kauri da haƙora. Ni da bakina na ce, "Haba! Mutum da furfura da tumbi ka kawo masa keke? Karaya dai ka kawo masa."

Ya ce, "Matar Yaya, ke dai bar shi a inda zai riƙa ganinsa."

Aka jingine shi a falo. Ya jima a jingine ina share ƙura ina mita. Wata safiya na fito daga kicin na tarar babu keke, babu mai kujera. Sai wajen azahar suka dawo, gwiwa a ɗaye, numfashi sama-sama, mutumina yana dariyar da na manta yana da irinta. Ranar ya raɗa masa suna Gwanki, wai don yadda yake tsallake saiwoyi.

Duk wanda ya zauna da marigayi zai shaide shi da haƙuri. Bai taɓa neman ɗigon fetur ba. Ya ɗauki tumbin maigidana ya hau da shi tudu ba tare da ƙorafi ba, har tumbin ya ji kunya ya fara janyewa. Ya san siririyar hanyar da ta ratsa kurmin bayan gari, ya san gangarar da ke sauka kwari a hankali, da gadar katako, da mashigin rafi inda ruwa ke tsayawa iya idon sawu. Ba shi da yawan surutu. Idan an daina taka feda sai ya riƙa cewa tik-tik-tik-tik a hankali, kuma da wannan nake gane sun shigo layinmu. Idan birkinsa ya jiƙe yakan ce ƙiiii, sau ɗaya, ba ya maimaitawa. Ta dalilinsa Baban yara ya yi abokai, wasu tsofaffi irinsa masu matsattsun wanduna da ban so in yi dogon bayani a kansu.

Aibinsa ɗaya, laka. Kowace Asabar sai ya zana wa maigidana layin taɓo daga ƙugu har ƙeya, ni kuma in yi ta wanki ina faɗa. Mutumin zai tsaya a kaina yana ba ni labari, yau sun ga kunkuru a tsakiyar hanya, yau ruwa ya ci rabin gada, yau ya hau tudun nan bai sauka ya tura ba. Ni kuwa "to", "madalla", "sannu da ƙoƙari", hankalina yana kan waya ko kan tukunya. Kunnena yana wurin, amma wallahi ba na ji. Ku riƙe wannan, don shi ne asalin ciwon ajali.

Marigayi bai yi jinya ba. Lafiyarsa ƙalau ya dawo daga daji, a tsaye a saman mota, ɗaure a jikin ƙarfen da ake ɗora shi, domin dajin da suka je ranar da ɗan nisa, sai an kai shi da mota. Rumfar motarmu kuwa gajeriya ce. Saboda haka Baban yara yana da wata ɗabi'a: duk ranar da ya ɗora keke a sama, kafin ya fita sai ya ajiye jan bokiti a tsakiyar rumfar. Idan ya dawo a gajiye ya ga bokiti ya tare hanya, dole ya tsaya, ya tuna akwai kaya a sama, ya sauke. Ashe duk masu hawan keken nan haka suke yi, wani kujera, wani kwandon shara. Ni duk tsawon lokacin nan na ɗauka sakacin yara ne.

Ranar ya ajiye motar a ƙofar gida ya shiga wanka. Sai ga mai motar kaya yana ta danna hon, wai mun tare masa hanya. Ina cikin waya da ƙanwata, na ce bari in yi abin kirki. Na ɗauki makulli na fita. Na ga keken, kada in yi muku ƙarya, amma irin ganin da ake yi wa abin da aka saba da shi. Na buɗe get, na shigo da kan mota, sai ga bokiti. Na fito, waya a maƙale a kafaɗa, na ɗauke shi ina cewa, "Yaran gidan nan ba za su kashe ni ba, kullum sai sun bar mini bokiti a hanya." Na ajiye shi gefe tsaf, na koma na taka mota.

Kalmarsa ta ƙarshe ita ce ƙwarararas. Bayan nan tayar gaba ta faɗo ta gangara tsakar gida ita kaɗai, ta yi ɗan zagaye ta kwanta.

Baban yara ya fito da tawul, kumfa a kunne. Ya dubi sama, ya dubi bokitin a gefe, ya dube ni.

Ya ce, "Ba ki ji ciwo ba dai?"

Na ce, "A'a."

Ya ce, "To, shi ke nan." Ya koma ya ƙarasa wankansa.

Autarmu ce ta ƙarasa ni. Ta ce, "Mama, ke kika ɗauke bokitin? Ai Abba ya sha gaya miki amfaninsa. A gabana ma ya gaya miki, kika ce madalla."

Mun garzaya da shi wurin mai gyaran keke. Ya shafa karayar da yatsa, ya girgiza kai ya ce, "Hajiya, ƙashin baya ne ya rabu biyu, kuma irin wannan ƙirar ba ta karɓar walda. Sai haƙuri."

Marigayi ya rasu ya bar tayar baya cikin ƙoshin lafiya, da hular kwano ɗaya, da famfon iska wanda yanzu ba shi da wanda zai hura wa, da gorar ruwa, da tsummokara masu baƙin mai waɗanda a da tawul ɗina ne masu kyau, na kuma yafe. Ya bar rumfar mota da lanƙwasasshen kwano. Ya kuma bar dattijo ɗaya, wanda tun ranar Lahadi ya koma kujerar kusa da taga.

Wannan shi ne abin da ke cina. Da ya yi mini tsawa, da ya ce ba na jin magana, da na samu sauƙi, don gaskiya ce. Amma sai "ba komai". Abokansa sun kira sun ce akwai keken aro, ya ce su bar shi, dama shekaru sun ja. Jiya na leƙo na gan shi yana kallon talabijin a kashe, sai da na koma kicin na yi kuka. Tsoro nake ji, jama'a. Sau ɗaya aka ciro mini shi daga kujerar nan, kuma ba ni na ciro shi ba, ni ce dai na mayar da shi.

Za a yi ban kwana da marigayi ranar Asabar mai zuwa da sassafe. Za a taru a ƙofar gidanmu, a kai shi mashigin rafi ya ga ruwa karo na ƙarshe, daga nan a miƙa shi ga mai gyara ya raba sassansa ga mabuƙata. Ni zan ɗauke shi a kafaɗa, a ƙafa, kada kowa ya karɓe ni. Ban taɓa taka dajin nan ba, don haka ɗazu na tsaya tsakanin Baban yara da talabijin na ce, "Ranar Asabar zan kai Gwanki rafi. Ta ina ake bi?"

Ya dubi ƙafata ya ce, "Da wannan silifas ɗin? Ko gadar katako ba za ki kai ba." Ita ce magana mafi tsawo da ya yi a makon nan.

Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada wanda ya ce mini ƙaddara ce. Ku zo da kekunanku da wandunanku, ku ƙaro keke ɗaya mai tsayin sirdi, ku jingine shi a bakin get ba tare da kun ce uffan ba. Idan ya fito, kada a yi masa tafi, ku yi kamar ba ku gani ba. Idan kuma bai fito ba, ku yi gaba abinku, kada wanda ya nuna mini hanya. Zan shiga kurmin nan da gawa a kafaɗa da silifas a ƙafa, in ɓata iya ɓata. Na san mijina. Zai iya haƙura da keke, amma ba zai zauna a kujera rana ta faɗi ina cikin daji ba.