Rasuwar Siririn Baki, Alƙalamin da Ya Ci Gasa Yana Gargara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma 'yar kunyar da ba za ta ɓoyu ba tunda ni na bar murfin a buɗe, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, musamman 'yan guruf ɗinmu na Zanen Mako, rasuwar abokin zamana kuma mai rufa mini asiri, baƙin alƙalamin zanena da aka fi sani da Siririn Baki. Ya cika ranar Alhamis da yamma a kan teburin cin abinci, tsakanin kofin shayi da rimot ɗin talabijin, bayan gajeriyar jinya.

Marigayin ya shigo gidan nan ne ta dalilin hawan jini. Likita ya auna ni, ya sake aunawa, ya cire tabarau ya ce, "Malam, ka nemi abin da zai raba ka da sauraren labarai." Auta, ƙaramar 'yata, ba ta jira shawarata ba ta jefa ni cikin wani guruf a waya, ta sayo mini alƙalamin da 'yan takardu masu faɗin tafin hannu. Ga waɗanda ba su san harkar ba, ga yadda take. Duk Litinin a fitar da ƙira guda, yau saƙar zuma, wani makon ɓawon kifi ko dunƙulen zare. Kowa ya zauna ya yi ta maimaita ta har takardarsa ta cika, ya ɗauki hoto ya turo kafin Alhamis ta wuce. Juma'a a yi zaɓe, wanda ya ci shi zai fitar da ƙirar mako mai zuwa.

Shugabarmu, malamar lissafi ce mai ritaya da muke kira Anti Doka a bayan idonta, ta kafa sharuɗɗan da ba a taka su. Ba rula. Ba gogewa. Alƙalamin da ka fara da shi, da shi za ka ƙare. In ka yi kuskure, ba a share shi, sai dai ka mayar da shi ado. A ƙarƙashin wannan sharaɗi na ƙarshe ni da marigayin muka tara adon da ya fi na kowa yawa.

Ya kasance mai kamun kai. Bai taɓa zubar mini da tawada a aljihun riga ba, abin da ba zan iya faɗa game da 'yan uwansa birorin ofis ba. Ba shi da hayaniya. Muryarsa a kan takarda ba ta wuce "ƙirr, ƙirr", sai kuma "ƙas" in an rufe shi, kamar dattijon da ya gama magana. Ya raka ni tarurrukan ofis marasa adadi, inda muke cika gefen takarda da ɓawon kifi yayin da ake tattauna dalilin da ya sa ba a yi abin da aka tattauna a taron baya ba. Oga ya taɓa nuna ni a gaban kowa ya ce, "Ku dubi mai kula da sito, shi kaɗai ke rubuta abin da nake faɗa." Marigayin bai tona ni ba. Irin wannan amana ba a samun ta a kanti.

Amma babban halinsa shi ne ɗaukar laifin da ba a tabbatar nasa ba ne. 'Yan guruf shaida ne, babu makon da na turo zane ban rubuta a ƙasansa ba, "A yi haƙuri da 'yar karkacewar, bakin alƙalamin ne ya ɗan lanƙwashe." Na yi ta rubuta wannan har Tela, ɗaya daga cikin 'yan guruf, ya laƙaba mini Baba Karkace, sunan ya bi ni har gida. Saƙar zumata takan fito kamar ƙudan sun yi aikin a buge. A ranar zaɓe kuwa ƙuri'una ba sa ɓata hanya: ta Auta, domin jini ya fi ruwa kauri, da ta Direba, wanda yake zaɓar kowa da kowa don kada a ga baƙinsa. Ban taɓa cewa ina son in ci ba. Cewa nake yi don lafiyata nake yi. Sai dai duk Juma'a nakan duba waya fiye da yadda likitan zai so.

Ciwon ajali ya same shi ne a makon igiyar ruwa, ƙirar da Nas, wata 'yar guruf ɗinmu, ta fitar. Na zauna ranar Alhamis bayan tashi daga aiki, mun yi nisa, igiyoyin suna ta hawa juna daga hagu, sai mai gyaran famfo ya ƙwanƙwasa ƙofa. Na tashi da murfin a bakina, domin ina da ɗabi'ar tauna shi in ina tunani, na zura shi a aljihu na tafi nuna masa bututun bayan kicin. Daga bututu muka faɗa ƙwallo. Duk wanda ya san ni ya san ba a faɗawa ƙwallo da ni a fito da wuri. Shi kuwa bawan Allah yana kwance tsirara a ƙarƙashin fanka, tana kaɗa masa iska a lamba ta ƙarshe.

Da na dawo na tarar muryarsa ta canja. "Ƙirr" ɗin nan ta koma "shuu". An yi iya abin da za a yi. Na girgiza shi, na hura masa iskar baki, na murza shi tsakanin tafukan hannu, na tsoma bakinsa a ruwan ɗumi. Har lasarsa na yi, abin da ya bar mini baƙin harshe zuwa washegari. Mai ɗakina ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi a hannu ta ce, "Baban Auta, alƙalami ne fa, ba jariri ba. Ga birona can kan firji, ɗauka ka ƙarasa mu samu teburin." Na ce mata doka ta hana. Ta ce, "Dokar wa? Matar da ba ta san ƙofar gidanka ba?" Na koma kan majinyacina, domin mai jinya ba ya jayayya.

Haka muka ci gaba, shi yana jan numfashi ni ina jan sa. Igiyoyin da suka faro baƙi ƙirin daga hagu suka koma toka-toka a tsakiya, suka yi ta dusashewa, har a kusurwar dama babu abin da ya rage sai ƙarzar bakinsa a jikin takarda. A kan igiyar ƙarshe ya cika. Na ɗauki hoto na turo ba tare da rubuta komai a ƙasa ba, karo na farko ke nan, domin ba a ɗora wa mamaci laifi gawarsa ba ta huce ba.

Abin da ya biyo baya kun san shi, ku kuka yi. Tela ya rubuta, "Kai! Baba Karkace, ashe kwanton ɓauna ka yi mana duk tsawon nan?" Nas ta ce kamar teku yana shigewa cikin gajimare. Anti Doka da kanta, wadda yabonta bai taɓa wuce "an gani" ba, ta rubuta cewa tun da ta buɗe guruf ɗin ba ta ga wanda ya sarrafa nauyin hannunsa haka ba, daga duhu zuwa haske da alƙalami guda. Ranar Juma'a na ci zaɓe. Ba don Direba ba wannan karon.

A nan ya kamata in yi magana. Maimakon haka na rubuta, "Ai abin sai da haƙuri, a hankali hannu yake faɗawa." Na ƙara da hoton hannuwa biyu na godiya. Sai Anti Doka ta sanar cewa ranar Lahadi da yamma zan koya wa kowa wannan salo ta bidiyo, kowa ya zo da alƙalaminsa. Na ce ba damuwa. Na kashe wayar, na zauna ina kallon gawar. Mai ɗakina ta karanta saƙon a wayar Auta, ta yi dariya har ta dafa bango, sannan ta ce, "To, gwani, wa za ka kashe ranar Lahadi?"

Wannan tambaya ce ta sa na zauna rubuta sanarwar nan. 'Yan uwa, ba ni da salo. Abin da kuka gani kuka yaba gargarar mutuwa ce. Mai fasahar fanka ce, ni nawa mantuwa.

Marigayin ya bar murfi guda mai ɗauke da shatin haƙorana, wanda yanzu ba shi da abin rufewa. Ya bar fensir, ɗan uwansa na nesa, da magogi da rula, waɗanda doka ta hana aiki tun zuwansu gidan, suna nan sababbi fil kamar ma'aikatan da aka ɗauka ta hanyar sanayya. Ya bar zane cike da kwalin takalmi a ƙarƙashin gado, da guda ɗaya manne a ƙofar firji, wanda na daɗe ina zaton don kyansa aka zaɓe shi, sai kwanan baya na gane tsatsa yake rufewa. Ya kuma bar ni, mutum mai furfura da babu sauran wanda zai nuna da yatsa.

Za a kai shi makwancinsa ranar Lahadi da yamma, daidai lokacin da aka tsayar don darasin, wanda saboda haka ba zai yiwu ba. Za a sa shi a durowar ƙasa ta falo, inda matattun batura, makullan da ba a san ƙofarsu ba da cajojin wayoyin da suka riga shi suke kwance. Mai ɗakina ta kawo shawarar kwandon shara, iyalai sun yi watsi da ita da rinjayen murya ɗaya, tawa. Ana karɓar gaisuwa a guruf. Ba a bukatar zuwa gida, teburin ya koma hannun masu shi. Wanda yake son yi wa marigayin wani abu, ya tashi yanzu ya duba ko alƙalaminsa a rufe yake. Tela, an ce tun jiya ka bar naka a gaban fanka. Ka ji tsoron Allah.

Maganar nasara kuwa na bar ta a hannun Anti Doka. Roƙona ɗaya, kada a soke ta, a mayar da ita sunan mai ita. Bai taɓa cin komai ba yana raye.

Auta ta sayo magajinsa daga kantin da aka sayo shi, irinsa sak, bakinsa a miƙe kamar allura. Na gwada shi da safen nan. Layin farko ya karkace.