Ranar da Injiniya Ya Riga Kowa Gudu

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka buɗe shagon ajiyar albasa na Kawuna a Aliero ba, ko da kuwa mutanen garin sun yi mini alfarma sun manta (ba su manta ba, na bincika).

Lokacin ban daɗe da gama karatun injiniyan gini ba. Kawu, yayan mahaifiyata, ya ce tunda gida ya samu injiniya, ba zai nemi bare ba. Ni na zana raftocin rufin, ni na je Jega na zaɓo ƙarfen da masu walda ke kira angul, mai fuska biyu kamar kusurwar bango.

To, angul yana da wani hali. Idan aka zo haɗa shi, fuska ɗaya ake kamawa da walda, ɗayar tana sake. Saboda haka nauyi ba ya bi ta tsakiyarsa, ta gefe yake bi, sai ƙarfen ya riƙa neman murɗewa, kamar mutumin da ya ɗauki bokitin ruwa da hannu ɗaya. Na san da wannan, na saka shi a lissafi, na ƙara kaurin ƙarfe, na tsaya a kan mai walda har ya gama. Lissafi ya ce lafiya lau. Zuciyata ce ta ƙi yarda. Tun da aka ɗora kwano nake mafarkin rufin yana saukowa a kan mutane, abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Ranar buɗewa aka shimfiɗa tabarmi a cikin shagon. Manoma sun zo daga Sabiyal, wasu dillalai daga Maiyama, ga Liman, ga Kawu cikin babbar riga yana nuna ni ga kowa yana cewa ɗansa ne ya yi. Ni kuwa ina zaune a sahun gaba, ana addu'a ina amin, amma idona na sama, kan mahaɗar da ke tsakiya. Ina kallonta sai na ga kamar tana motsi.

Liman na tsakiyar addu'a sai muka ji gwaram! a kan kwano, sannan wani ƙara kamar ana jan ƙarfe.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Abin da aka gaya mini daga baya shi ne na kurma ihu na ce ya murɗe, na tsallake Liman (Allah Ya yafe mini), na taka kwanon furar wani dattijo, na fita ba takalmi ba hula. Jama'a da suka ga mai aikin da kansa ya arce, ai ba wanda ya tsaya tambaya. Tsofaffi suka riƙa turereniya a ƙofa, wani ya faɗa cikin buhunan albasar Kawu.

Sai da na kai bakin titi na waiwaya, ina jiran in ga ƙura. Shago na nan tsaye ƙyam. A samansa wata ƙatuwar ungulu ce ke takawa a kan kwano, tana gyara fiffike.

Kawu kaɗai bai fita ba, ciwon gwiwa ya hana shi tashi. Da na dawo ina sanɗa, ya nuna manoman da ke tsaye a waje, sannan ya ce, “Injiniya, kai da ka yi abin ka gudu ka bar ni ciki. To su waɗanga mi za su yi?”

Ba su yi komai ba kuwa. Babu manomin da ya yarda ya kawo albasarsa. Da na fara yi musu bayanin lissafi, wani ya ce sun ji, amma sun fi gaskata ƙafata.

Hukuncin Kawu shi ne a kafa mini tebur da kujera daidai ƙarƙashin mahaɗar nan, in riƙa yini a wurin kowa na gani. Haka na yi har kakar albasa ta wuce, ina murmushi a fuska, ina satar kallon ƙofa duk lokacin da iska ta taɓa kwano. A hankali buhuna suka fara shigowa. Shagon yana nan har yau, ko tsatsa bai yi ba.

Yanzu idan na shiga ginin da na zana, kusa da ƙofa nake zama. In kuma na ji ƙara, sai na bari wani ya fara tashi, sannan in bi bayansa a hankali kamar mai zuwa alwala.