Sallau Mai Buhu a Layin Shinkafa

Wani mutum ne a unguwarmu can Funtuwa, sunansa Sallau, amma in ba ka ce Mai Buhu ba babu wanda zai gane wa kake nufi. Ba wai buhu yake sayarwa ba. Dillalin tsofaffin babura ne a bakin tasha, yau a samu, gobe a wuni ana hamma. Sunan daga bakinsa ya fito. Duk sanda aka zauna a teburin Iro mai shayi aka fara kukan tsadar abinci, sai Sallau ya karkata hula, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Ni fa wallahi ban san mudu ba," in ji shi. "Mudu kuma? A gidana buhu ake jibgewa. Na shinkafa daban, na wake daban. Manja kuwa sai dai jarka."

Mati tela, wanda ya san zurfin aljihun kowa a unguwar tunda shi ke ɗinka su, sai ya ce, "To Mai Buhu, ya na ga shayin naka babu madara?"

"Likita ne ya hana ni. Ya ce maiƙo ya yi min yawa a jiki."

Mutumin da in iska ta kaɗa sai ya riƙe bango!

Gaskiyar magana, matarsa Lantana ce ke riƙe da gidan. Kitso take yi. Abin da Sallau ke ajiye mata da safe ko cefanen rana ba ya isa, ita ke cikasawa. Ta san yadda ake raba dunƙulen magi biyu, ta san wace mai kuka ce ke cika gwangwani, ta san sai la'asar sakaliya mai tumatir ke sassautowa. A haka yara huɗu ke ci su ƙoshi, shi kuma ya fita yana sakace.

Wata Litinin da safe ta ce masa, "Baban Hansai, kuɗin nan fa ba sa kaiwa. Komai ya ninka."

"Ninkawa? Ku mata dai ba ku iya ciniki ba. Ana faɗa muku farashi sai ku buɗe jaka. Kawo na yau, da na gobe, da na jibi. Ni zan yi cefanen. Ki shirya wurin ajiya."

Ta kwance bakin zani ta miƙa masa.

Ya shiga kasuwa yana taƙama. Ya tsaya gaban mai shinkafa ya ce, "Nawa mudu?" Aka faɗa masa. Ya waiwaya baya, ya zaci da wani ake.

"Malam, mudu na ce, ba rumfar ba."

"Mudun na faɗa maka, Alhaji."

Ya matsa wurin mai tumatir. Kashi ɗaya ƙwaya huɗu ne, ɗaya ma ta fara hawaye. Ya taya rabin kuɗi, mai tumatir bai ko ɗaga kai ba, ya ci gaba da korar ƙuda. Mai manja ya auna masa a murfin kwalba kamar maganin tari. Wurin mahauta kuwa gaisuwa kawai ya yi ya wuce. Kafin azahar kuɗin kwana uku sun ƙare ƙaf, ya dawo gida da 'yar leda tana reto a ɗan yatsa.

Lantana ta leƙa ledar, ta leƙa bayansa.

"Mai kurar da ya turo kayan yana waje ne?"

"Oda na bayar. Motar ce ta lalace a hanyar Zariya."

"Allah ya gyara ta," in ji Lantana. "Don Inna ta bugo. Ta ce kai da bakinka ka ce su zo ranar Juma'a su ci shinkafa har su ture. Ita da ƙannenta biyu za su zo daga Bakori."

Sallau ya ma manta ya yi wannan cika bakin. Surukarsa kuwa, Inna Dije, mace ce da in ta ga abu da safe, kafin magariba duk Bakori an ji.

Ana cikin haka sai labari ya cika gari cewa wani attajiri ɗan gari ya kawo tirelar shinkafa, za a raba ranar Alhamis a filin ƙwallo, kowa ƙaramin buhu ɗaya, kyauta. Teburin mai shayi ya ɗauki zafi. Kowa na cewa da shi za a yi. Mati ma an saka shi cikin kwamitin rabo.

"Mai Buhu, in ajiye maka wuri?" in ji Mati.

Sallau ya yi dariya har da buga cinya. "Ni? Layi? Allah ya kiyashe ni! Ku je dai, ku ne mabukata. In ba ta ishe ku ba ku biyo ta gidana."

Da ya koma gida ya kafa wa Lantana doka. "Kar in ji, kar in gani. Matar Mai Buhu ba ta bin layi."

Ranar Alhamis da hantsi ya zagaya ta bayan filin, wai wucewa yake. Ya hango layin maza ya yi gwiwa uku, ana ture-ture, huluna na tashi sama. Kuma duk fuskar da ya kalla ta san shi. Ga Iro, ga liman, ga yaran tasha. Can gefe kuma layin mata na tafiya sumul, kowace ta karɓa ta ɗora a ka ta wuce. Rabinsu da niƙabi, babu mai tambayar wace ce.

Sallau ya tsaya ya ƙura wa layin matan ido. Sai ya yi murmushi.

Ya koma gida da sauri. Lantana na maƙwabta tana kitso. Ga babban hijabinta ruwan hanta a kan igiya, mai jan ƙasa. Ya zare shi, ya lalubo niƙabi da safa a ɗaki, ya faɗa wani kango ya shirya. Ya naɗe ƙafar wando, ya cusa hula a aljihu. Ya gwada tafiya sau biyu, ya ga tana kama da ta mai tura baro, ya rage taku.

Ya shiga layin mata, kai a ƙasa. Zufa na bin bayansa, gemu na ƙaiƙayi cikin niƙabi, ba halin susa. Sannu a hankali har ya iso teburi. Wa zai gani? Mati tela, shi ke miƙawa!

"Allah ya amfana, Hajiya," in ji Mati.

"Amin," in ji Sallau da wata 'yar murya kamar ta akuyar da mura ta kama.

Ya rungumi buhu ya bar wurin. Ya koma kangon ya zauna yana haki. Ya shafa buhun nan, ya rungume shi. Shi ke nan, an fita kunyar Inna Dije. Da a ce ya tafi gida a lokacin, da yau babu wanda ya san wannan labari.

Amma sai ya ce a ransa, "Yanzu ko Mati bai gane ni ba, wa zai gane ni? Bari in koma in karɓo na biyu, ɗaya na baƙi, ɗaya na nunawa. In jingine shi a zaure, in kira Iro ya zo karɓar saƙo, ya gani da idonsa."

Matsalar ita ce inda zai ajiye na farkon. In ya bar shi a kango, ya san ko ƙwaya ba zai tarar ba. Ya laluba aljihu ya ji robar ɗaure kaya a babur. Ya ɗora buhun a ciki, ya zagaya robar ta baya, ya ɗaure tamau, ya saki hijabi a kai. Ya kalli kansa. Tulu guda a gaba.

Ya koma layi yana tafiya da ƙyar, hannu ɗaya a ƙugu don nauyi.

Bai yi minti biyar ba wata tsohuwa da ke gabansa ta waiwayo. Iya Yalwa ce, ungozomar unguwa, wadda rabin mutanen filin a hannunta suka faɗo.

"Subhanallahi! 'Yar nan, da wannan cikin kika fito rana?"

Sallau ya gyaɗa kai.

Kafin ya ankara ta kai hannu ta danna. "Kai! Tauri kamar dutse. Ya sauko fa, yau ne ko gobe. Kuma namiji ne, ni na faɗa miki."

Mata suka yi caa a kansa.

"Wane marar imani ne mijinki?"

"Yana can yana shan shayi, ya turo ki!"

"Irinsu ne masu cika baki a waje, gida ko gishiri babu!"

Sallau na ji, yana gyaɗa kai, don ba shi da abin yi. Wata ta tura masa ruwan leda, wata ta hau yi masa fifita da kwali.

"Ku ba mai ciki hanya!" in ji Iya Yalwa. Ta kama hannunsa ta ja shi gaba, layi na darewa. Shi kuwa har ya fara jin daɗi, ga shi za a kai shi teburi babu wahala. Har da ɗan nishi yake ƙarawa.

Saura mutum uku a kai teburi sai ya ji wata murya a gefensa.

"Dakata, baiwar Allah."

Ya saci kallo. Lantana ce. Ashe da ta gama kitso ta duba tukunya, ta duba dokar maigida, ta ga tukunya ta fi gaskiya, ta ari mayafin maƙwabciya ta taho.

"Wannan hijabin a ina kika same shi?"

Sallau ya kau da kai.

"Magana nake. Ga ƙunar dutsen guga nan a gefe, ni na ƙona shi da hannuna. Tun ɗazu nake nemansa a igiya!"

"Haba Lantana, ki duba halin da take ciki," in ji Iya Yalwa.

"Iya, ciki ba ya hana sata. Cire min abina!"

Sallau ya ja baya. Lantana ta damƙi hijabi. Ya ja, ta ja. Ya juya zai ruga, ta finciko shi da hannu biyu. Robar nan ta ce tas! Buhu ya sulluɓo ta ƙasan hijabi ya daki ƙasa, tim! Ɗinkin ya ɓalle, shinkafa ta watsu, shaaa, har ƙarƙashin teburi.

Iya Yalwa ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu! Ta haihu a tsaye!"

Lantana ta ƙara fizga, hijabi da niƙabi suka taho tare. Sai ga gemu. Sai ga sanƙo yana ƙyalli a rana. Sai ga wando a naɗe har gwiwa, da safar mata.

Filin nan ya yi tsit, har kana jin tattabaru na sauka kan shinkafa.

Mati ya sunkuyo ta kan teburi, ya ƙura ido. "Mai Buhu? Kai ne Hajiyar ɗazu?"

Wayyo! Dariya ta ɓarke kamar an fasa dam. Layin maza ya watse, kowa ya yo nan. Iro mai shayi ya zauna daɓas a ƙasa yana riƙe ciki. Wani na cewa barka da arziki, wani na tambayar yaushe suna. Sallau ya buɗe baki zai ce gwada tsaron wurin yake yi, sai 'yar muryar akuyar nan ta sake fitowa.

'Yan sintiri biyu suka riƙe shi. Shugaban kwamiti, wani dattijo mai farin gilashi, ya taso da lasifika a hannu, ransa a ɓace.

"Wannan ai ha'inci ne! Namiji a layin mata, kuma sau biyu! Wa ya san shi a nan?"

Duk ido ya koma kan Lantana. Ta kakkaɓe hijabinta, ta ninke shi a hankali, ta saƙale a kafaɗa. Ta kalli Sallau tun daga sanƙo har safa. Dattijon ya miƙo mata lasifika.

"Ranka ya daɗe, na san ta," in ji Lantana, muryarta na fita har bakin titi. "Don Allah ku sake ta, ku ƙara mata wani buhun. Abar tausayi ce. Gidan da take babu namiji."