Guntun Yabon Kawu Wilson

Kaf unguwar Mairi babu wayayye kamar Kawu Wilson, kuma shi da kansa zai tabbatar maka. Ya taɓa zuwa Ingila wani ɗan kwas na malaman makaranta, ya dawo tun sabulun da ya tafi da shi bai ƙare ba, amma ya dawo da ilimin da ya fi ƙarfin Maiduguri. Ilimin kuwa shi ne, mutumin kirki ba ya cika baki wajen yabo.

"Ku baƙar fata kun cika zuzuta abu," in ji shi. "Bature in abu ya burge shi, iyakarsa ya ce not bad, wato ba laifi. Wannan ita ce wayewa."

Matarsa ta wuni kan miyar kuka, ya ce ana iya ci. Mawaƙan coci su yi waƙa har tsofaffi su yi hawaye, ya ce ya taɓa jin wadda ta fi wannan muni. Yara suka sa masa Baturen Mairi, shi kuwa ya ɗauka sarauta ce. Abin da bai tsaya ya koyo ba, su kansu Turawan suna da magana a kan kashe mutum da guntun yabo. Ɗan kuka dai shi ke ja wa uwarsa jifa.

Ana nan sai Manasse, ɗan ƙanwarsa Phebe, ya ga Chidinma, 'yar Ikemefuna mai shagon janareta a Dala. Yaro ya mutu a kanta. Phebe ta roƙi yayanta ya jagoranci masu neman aure, tunda shi ne babba. Ya saka kwat cikin zafin nan, ya shiga gaba.

A irin wannan zama kowa ya san aikin kawu: ya wanke ɗansa tas, ya kai shi sama. Ikemefuna ya tambayi halin yaron. Kawu Wilson ya gyara tabarau.

"Manasse ba laifi. Ni dai ban taɓa kama shi da sata ba. Aikinsa ma, to, akwai waɗanda suka fi shi lalaci."

Manasse ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ikemefuna ya mayar da goron da ya ɗauko cikin faranti, ya ce shi ɗan kasuwa ne, in mai kaya da bakinsa ya ce janareta ba laifi, ko kyauta ba ya ɗauka. Su je, zai yi shawara.

A hanya Kawu yana ta murna, wai ya nuna wa surukai su ba 'yan ƙauye ba ne. Phebe ta sha kuka ta ƙoshi, Chidinma ta yi ta lallashin ubanta, da ƙyar ya yarda a sake zama.

Ranar komawa Kawu ya fito da sabon kwat da jawabi a aljihu, aka sa akuyar gaisuwar surukai a mota. Da suka isa ƙofar gidan, ya sa ƙafa zai sauka, Phebe ta riƙe ƙofar motar.

"Yaya, Baba Yoila, dattijon cocinmu, shi ne zai yi magana. Kai zauna nan ka riƙe mana akuyar, kada ta tsinke."