Tukunyar da Aka Hana Motsawa

Shekarar da magani ya yi tsada a Dajin Marke, ba gidan da ba a jin tari ko nishi.

Akwai wata ƙatuwar tukunya a ƙofar fada, ita ce asibitin dajin gaba ɗaya. Al'adarsu tun iyaye da kakanni, kowace dabba ta kawo daminta da kaka, ranar da ciwo ya kama ta kuwa a ba ta ludayi guda ta sha, ba a tambayar ɗiyar wa ce. Birai ke haƙo saiwa da sassaƙe, jakuna ke ɗebo ruwa daga rafi, Kura ce Ministar Lafiya, ludayi na hannunta.

To, sai saiwa ta yi nisa. An tone ta kusa kaf, ba wanda ya tuna ya dasa wata, birai kuma suka ce ba su ƙara wannan tafiya sai an ninka musu lada. Sarki Zaki ya tara majalisa.

Ya ce, "Na yi wa talakawana alkawari ba wanda zai zo tukunyar nan ya koma bai sha ba. Rumbu kuma ga shi yana neman ƙarewa. Ku nemo mini mafita, amma kada wanda ya taɓa kason fada."

Dila, Ma'ajin ƙasa, ya faɗi ya yi gaisuwa. "Allah ya ja zamaninka, alkawarin da ka yi na ludayi ne. Ka taɓa yi wa wani alkawarin abin da ke cikinsa?"

Zaki ya ce bai tuna ba.

"To a rage saiwa, a ƙara ruwa. Rafi bai taɓa neman ƙarin lada ba. Sai dai a kafa doka, kada a riƙa motsa tukunya. Kaurin ya kwanta a ƙasa, a ajiye wa masu ɗauke da nauyin al'umma. In mun kwanta ciwo, ranka ya daɗe, wa zai kula da talaka?"

Majalisa ta ɗauki tafi. Aka sassaƙa wa Kura wani ludayi mai dogon hannu na zuwa gindin tukunya, aka bar gajeren na kowa da kowa. Sankira ya zaga daji yana shelar cewa gwamnati ta karya tsadar magani ba tare da ta cire ko ɓera daga tsari ba. Ƙarya ya yi? Bai yi ba.

Ruwan nan kuwa a bayan jakuna yake zuwa. Cikinsu akwai wani dattijo, Goho, wanda ya tsufa a hanyar rafi. Da sawu ya ninku, tari ya kama shi, ƙirji na kuka kamar tsohon gyauren ƙofa. Matarsa Aura ta tallabo shi zuwa ƙofar fada, suka bi layi, aka ba shi ludayinsa. Ya kurɓa, ya dube ta.

"Aura, wannan ai ruwan da na kawo jiya ne. An dai ɗumama mini shi."

"Sha dai, maigida, ko albarkar tukunyar ka samu."

Ya sha, albarka ba ta zo ba. Da ta ga haƙarƙarinsa sun fara fitowa fili, Aura ta yi abin da jaka ba ta taɓa yi ba, ta shiga majalisa. Ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ban zo neman kason kowa ba. Mijina zai mutu. A motsa tukunyar nan sau ɗaya tak, a ɗebar masa."

Kura ta yi dariya har da riƙe ciki. "Baiwar Allah, an hana mijinki ludayi ne?"

"Ba a hana shi ba."

"An karɓi wani abu a hannunki?"

"Sai damin da muka kawo da kaka."

"To ƙarar wa kika kawo? Ku je wasu dazuzzuka ku gani, jaki ko warin magani ba ya ji. Wannan gwamnati ce ta mai da ku mutane!"

Dila ya ce, cikin taushin murya, "Yaya Aura, in an motsa wa mijinki, gobe a motsa wa akuya, jibi bushiya. Kaurin ya ƙare, kowa ya rasa. Son kai ba halinku ba ne, kada ki fara."

Zaki dai ba ya son a ce an fita gabansa da hawaye. Ya gyara zama ya ce, "Kukan talaka ya iso kunnena. Daga yau kowane marar lafiya ludayi biyu!"

Aka yi guɗa, aka buga tambari. Ludayi biyu kuwa ruwa biyu ne, wannan ko jaki ya san lissafinsa. Kura ta aika wa Goho cewa tunda ya sha magani, a wurin gwamnati ya warke, ya fito aiki. Ya fito. A hawan gangaren rafi ya durƙushe da salkar ruwa a bayansa, bai ƙara tashi ba.

Jakuna suna da wata al'ada: wanda ya mutu da kaya a baya, ba jakin da zai sake ɗaukar kaya sai an tashi zaman makokinsa. Manyan fada ba su san da wannan ba, don ba wanda ya taɓa taka ƙafa gaisuwar mutuwar jaki. Da Kura ta ga ruwa bai zo ba, abin da ya dame ta kada talakawa su ce aiki ya tsaya. Ta sa aka yi ta tura itace a murhu don a hango hayaƙi daga nesa. Ita ba ta taɓa girki ba, ɗanye take ci.

Ruwan saman tukunya ya ƙone, wuta ta isa ga kaurin manya. Ƙauri ya cika fada. Zaki, da ciwon gwiwa ya hana shi tashi tun safe, ya nemi ludayinsa mai dogon hannu, aka kawo masa baƙin ƙanzo. Ya daka wa Dila tsawa ya je ya zo da jakuna.

Dila ya tarar da su zaune a gindin marke, kai a sunkuye, Aura a tsakiya. Ya yi ta'aziyya a tsaitsaye, ya ce gwamnati ta yi rashin gwarzo, za a sa wa hanyar rafi sunan marigayi. Sannan ya rage murya.

"Ko mutum biyu ne, 'yan uwa, su taimaka da salka ɗaya. Tukunyar nan fa tamu ce duka."

Bai rufe baki ba aka ji ƙara daga wajen fada, tas! Tukunya ta tsage. Kunnuwan jakuna suka miƙe gaba ɗaya, suka juya wajen, sannan suka kwanta a hankali.

Babban cikinsu ya ɗaga kai ya ce, "A ci gaba da addu'a."