Rasuwar Mai Baki Biyu, Na'urar Falonmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika maƙil, ni da iyalina muke sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar na'urarmu ta sanyi da ɗumi, wadda ta cika ranar Talata da azahar, tana maƙale a bangon falo, bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta shigo gidan nan ne shekarar da mahaifiyata ta dawo wurinmu da ciwon gwiwa. Da farko Inna ba ta yarda da ita ba. "Wannan munafuka ce," in ji ta, "da zafi ta hura sanyi, da sanyi ta hura zafi. Baki biyu gare ta." Sunan ya bi ta. Amma kafin shekara ta zagayo, Inna ta ja kujerarta ƙarƙashinta, ba mai iya tashinta.

Mun shaida marigayiyar ba ta taɓa hura wuta ba, ba ta kuma taɓa ajiye ƙanƙara ba. Dako kawai take yi. In gari ya ɗau zafi, ta kwashi zafin ɗaki ta bi da shi ta bututu ta zubar a waje. In sanyi ya sauko, ta juya akala, ta tsinto ɗan ɗumin da ya rage a iskar waje ta shigo mana da shi. Ba ta da surutu, daga "tit" in an tashe ta, sai "hummm" har yamma.

Ciwon ajalinta ya fara da tari, "kar-kar-kar". Daga nan abin da ke juya mata akala ya maƙale, ta daina bambance rani da hunturu. Ranar Talatar kuwa surukina ya zo, karon farko tun saɓanin da muka yi, ya sha kwat har da ɗaurin wuya, rana tana dukan ƙwaƙwalwa. Na zaunar da shi a kujerar Inna don girmamawa, na danna sanyi. Marigayiyar ta buɗe baki ta yi ta kwarara masa zafi. Ina ƙara dannawa, tana ƙara himma. Dattijo ya jiƙe sharkaf, ya miƙe ya ce, "Yaro, in korata kake son yi, ai baki ya isa."

Mai gyara ya iso bayan ta yi shiru. Ya kara kunne, ya ƙwanƙwasa, ya cire hularsa. "Sai haƙuri, maigida. Zuciyar ce ta ƙone."

Ta rasu ta bar abokiyar tagwaitakarta, wato ɗaya rabin na'urar da ke bangon waje, wadda tantabaru suka riga suka gaje, da rimot guda mai ɗaurin roba, da ɗan uwanta na nesa, firij, wanda sana'arsu ɗaya. Tsohuwar fankar da ta raba da aiki ta dawo daga sito, tana ta girgiza kai.

'Yan gwangwan za su ɗauke ta ranar Asabar da safe. Ana karɓar gaisuwa a gindin bishiyar ƙofar gida, don falo ba ya shiguwa, kowa ya zo da maficinsa. A bar wa surukina kujerar gaba. Ya ce sai ya ga fitar gawar da idonsa kafin ya yarda ba haɗa baki muka yi da ita ba.