Ambulan da Malam Ya Tofe

Ni da kaina na cike takardar harajin shagon ɗinkina a Kwararafa. Maƙwabciyata Maman Ngozi ta ce in kawo ta duba mini, na ce ai ba a banza na gama sakandare ba.

Bayan sati uku sai ga wasiƙa daga ofishin haraji, da hatimi ja wur. Ban buɗe ba. Na riga na yanke cewa kekunan ɗinkina za a kwashe. Na tari napep na kai su gidan gwaggona a Dutse Uku, muka lulluɓe su da bargo. Ambulan kuwa na kai wa Malam ya tofe shi a rufe.

Kwana huɗu ina ɓuya. Da na leƙo shago da ambulan ɗin a hannu, Maman Ngozi ta fizge shi ta buɗe ta karanta, ta zube ƙasa tana dariya.

"Madam sakandare! Kin manta sa hannu ne kawai. Sun ce ki zo ki sa."

Har yau ko kunu na saya a layinmu, sai mai kunun ta miƙo mini biro.